Masu Turke Gwazarma: Sana'ar Kiwon Ƙwaro a Japan

Da watan Yuli ya tsaya a Japan, makarantu suka fara shirin dogon hutun lokacin zafi, sai wata haja ta cika kantocin manyan shaguna wadda ba a cika ganinta a sauran watanni ba. Ƙananan akwatunan roba ne masu garai-garai, kowanne da garin katako a ƙasansa, da guntun itace, da ƙwaro mai sulɓi yana tafiya sannu a kai. A gefe ga buhunan ruɓaɓɓen ganye, ga fakitin abinci, ga raga mai doguwar ƙota. Uba ya duba farashi, yaro ya zaɓi wanda ƙahonsa ya fi tsawo, a biya a tafi gida da shi. Abin da ya kawo ƙwaron nan kan kanta aiki ne na shekara guda cur, kuma akwai mutanen da shi ne abincinsu.

Ƙwari iri biyu ne suka riƙe kasuwar, dukansu dangin buzuzu ne, sai dai ba su mirgina kashin shanu, ruwan itace suke sha. Na farko shi ne kabutomushi, launinsa tsakanin baƙi da ja, namijin yana da dogon ƙaho mai rassa a gaban kai, kuma babbansa kan kai santimita 8 idan aka haɗa da ƙahon. Na biyu shi ne kuwagata, shimfiɗaɗɗe, wanda namijinsa ke da dogayen muƙamuƙai biyu masu haƙora. Da dare suke fitowa, su taru a jikin bishiya inda ruwa ke tsatsa yana tsami, maza su yi ta kokawa a kan wurin sha da kan mace. Kabutomushi yakan cusa ƙahonsa ƙarƙashin abokin faɗa ya ɗaga shi ya wurgar. Wannan kokawa ce ta sace zukatan yaran Japan, har a garin Nakayama na jihar Yamagata aka riƙa shirya gasarta, yara su zo da ƙwarinsu a kara su a kan kututture.

Amma wanda ya tsaya kallon ƙahon kawai bai ga sana'ar ba. Ƙwaro irin wannan, daga ranar da ya fito da fiffike da sulkensa, ba ya ƙara ko milimita ɗaya. Ko me aka ba shi ya ci, a yadda ya fito haka zai mutu. Duk girman da zai yi an riga an yanke shi tun yana tsutsa, farar nan mai kauri da jan kai wadda muke tonowa a juji muna kira gwazarma. Saboda haka mai kiwon ƙwaro a Japan mai kiwon gwazarma ne. Watanni goma ko fiye yake yi yana hidimar abin da ke binne cikin duhu, wanda ba ya kuka, ba ya sanin mai shi, ba ya ko son a dube shi. Turka ce sosai irin ta ragon layya, sai dai shi wannan ragon ba a shafa bayansa a ji ko ya yi kitse, sai ranar canza masa abinci a ɗora shi a sikeli a mayar da shi da sauri.

Cinikin ƙwari a Japan ya girmi wannan zamani da nisa, amma da masu kuka ya fara. A ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da birnin Tokiyo yake amsa sunan Edo, an yi wani mai sayar da dafaffen abinci a unguwar Kanda, sunansa Chuzo, wanda ya kamo wani irin gyare mai zaƙin murya da ake kira suzumushi ya ajiye a gida. Maƙwabta suka ji kukan suka nema, ciniki ya buɗe, har ya bar tukunyar abinci ya koma sayar da gyare. Wani daga cikin masu sayensa, Kiriyama, baran wani basarake, ya ajiye nasa a cikin tulu mai danshin ƙasa, da shekara ta kewayo ya tarar sun ƙyanƙyashe a ciki. Daga nan aka gane cewa ba sai an jira daji ba, ana iya ɗumama tulun a fito da su kasuwa kafin na daji su fara kuka, a sayar da tsada. Marubucin nan Lafcadio Hearn ne ya adana wannan labari a wani littafinsa na 1898. Duk abin da sana'ar ta zama daga baya yana cikinsa: wani ya kamo, wani ya gano yadda ake hayayyafa, kuɗi ya bi wanda ya iya sarrafa zafi da sanyi.

Su kabutomushi da kuwagata kuwa ba su shiga kasuwa da wuri ba, domin ba wanda zai sayi abin da yake samu kyauta a bayan gari. Ƙauyukan Japan suna kewaye da kurmin da mutane suka raina da hannunsu, wanda suke kira satoyama. Bishiyar da ta fi yawa a ciki ita ce kunugi, ana sare ta bayan shekara goma sha biyar ko ashirin a yi gawayi, kututturen ya sake tofo. Ganyen da ya zube a share a tara ya ruɓe ya zama taki. A tarin takin nan kabutomushi ke zuba ƙwai, a ruɓaɓɓen kututture kuma kuwagata. Manomi bai yi niyyar kiwonsu ba, amma aikinsa ne yake ciyar da su. A shekarun 1960 gidaje suka koma girki da gas da kananzir, takin zamani ya maye gurbin na ganye, gawayi ya faɗi. Wani kurmin aka bar shi ya sarƙe, wani aka share aka gina rukunin gidaje. Miliyoyin iyalai suka koma birni da yaran da ba su da bishiyar hawa. A lokacin ne manyan kantunan birni suka fara sayar da kabutomushi, uban da ya kama nasa da hannu a ƙauye ya ciro kuɗi ya saya wa ɗansa.

Masu samar da kabutomushi na farko manoma ne da suka lura cewa abin da ke cikin jujinsu kuɗi ne. Masu noman laimar kwaɗi irin ta ci, wadda ake kira shiitake, suna jibge tsofaffin gumagumai bayan sun gama ba da amfani, gwazarma ta cika su. A garin Tokiwa na jihar Fukushima, manoman taba ne ke tara ruɓaɓɓen ganye don renon iri, suna tono tsutsotsi ba adadi, har garin ya mayar da abin hanyar jawo baƙi ya buɗe wurin shaƙatawa mai suna Mushi Mushi Land, inda yara ke shiga babban keji su taɓa ƙwarin da hannu. Kiwon kabutomushi ba shi da wuya. Mace ta zuba ƙwai a watan Agusta, tsutsa ta ci ruɓaɓɓen ganye har sanyi ya shigo, ta lafa, ta farka a watan Afrilu ta ƙara ci, wajen Mayu zuwa Yuni ta gina ɗakinta a tsaye cikin ƙasa ta rikiɗe. Babban ya fito ya yi wata ɗaya zuwa uku ya mutu. Shi ya sa yake da araha, kuɗin kwanon abincin rana ya isa a sayi mace da namiji.

Inda sana'ar ta yi zurfi shi ne wajen wani kuwagata da ake kira okuwagata. Baƙi ne wuluk, mai kauri, mai tsoro, yana wuni a kogon bishiya, da ya ji motsi sai ya shige can ciki. Ba ya mutuwa da ƙarewar zafi, yakan yi shekara biyu ko uku, wani ma fiye. A daji samunsa wuya ne ƙwarai. Wuraren da suka yi suna da shi su ne Nose a jihar Osaka, da Kawanishi a Hyogo, da Nirasaki a Yamanashi, da Kurume a Fukuoka. A Nose da Kawanishi dalilin a fili yake: masu gawayin da ake dafa shayin gargajiya da shi suna sare kunugi daga sama, su bar gindin yana ƙara kauri ƙarni bayan ƙarni, cike da koguna. A shekarun 1980 da 1990 masu kuɗi suka shiga neman manya, aka laƙaba masa baƙin lu'ulu'u, ana saye da milimita. A lokacin, ƙarin milimita ɗaya a saman saba'in yana iya ninka farashi. A watan Agustan 1999 jaridun duniya suka ɗauki labarin wani da ya kai kimanin milimita 80 da aka sayar a Tokiyo kan yen miliyan 10, wajen dalar Amurka dubu 90 a canjin lokacin. A shekarar ce kuma wani kamfani a jihar Gifu ya saka ƙwari masu rai a na'urar da ake jefa kuɗi ta miƙo kaya, abin da ya jawo masa suka mai yawa.

Abin da ya karya wannan farashi kwalba ce. Masu kiwo sun daɗe da lura cewa a daji tsutsar okuwagata ba kowane ruɓaɓɓen itace take shiga ba, sai wanda laimar kwaɗi ta cinye cikinsa ya yi fari. Farin zaren da laimar kwaɗin ke shimfiɗawa cikin itace shi ne yake narkar da taurinsa, ya mayar da shi abin da cikin tsutsa zai iya sarrafawa. Sai suka ari dabarar manoman laimar kwaɗi. A niƙa itacen kunugi ko wani danginsa, a gauraya da ɗan garin alkama ko dusa, a turara shi da zafi don kashe ƙwayoyin cuta, a zuba masa irin laimar kwaɗi, a danna cikin kwalbar roba mai faɗin baki. Bayan mako biyu ko uku kwalbar ta yi fari fat. Wannan ita ce kinshi-bin, kuma a shekarun 1990 ta yaɗu a hannun masu kiwo. Tsutsar da a daji kan yi shekara biyu tana ƙwaƙular itace, a kwalba shekara ɗaya ta ishe ta, kuma ta fito da girman da daji bai taɓa bayarwa ba. Mafi girman okuwagata da aka kama a daji bai kai milimita 80 ba. Na kwalba yau sun haura 90.

Shekarar mai kiwo tana farawa wajen watan Afrilu ko Mayu. Zai zaɓi namiji da mace da suka yi aƙalla wata shida da fitowa, ya haɗa su mako guda. A wasu irin masu zafin rai, sai an ɗaure muƙamuƙan namijin da zare ko siririyar waya, in ba haka ba ya datse macen gida biyu. Daga nan a ware macen a akwatin da aka binne guntun gungume, irin wanda manoman shiitake suka gama da shi, an jiƙa shi an ɓare ɓawon. Ita za ta riƙa huda itacen tana saka ƙwai ɗaya-ɗaya tana toshewa. A wannan lokaci dole a ba ta abinci mai gina jiki, domin macen da ta galabaita takan tono 'ya'yanta ta cinye. Bayan wata ɗaya ko biyu sai ranar da suke kira waridashi, ranar fasa gungume. Da hannu da ɗan ƙaramin ƙarfe ake ɓantarar itacen a hankali ana bin ramukan, domin tsutsar a lokacin ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, kuskure kaɗan an murƙushe ta. Kowace ɗaya kwalbarta daban, saboda idan suka haɗu cizon juna suke yi. A manna takarda a jiki: sunan uwa, sunan uba, ranar da aka saka.

Kwalbar farko mai cin mililita 800 ce. Bayan kamar wata uku, idan farin ya ragu, launin ƙasa-ƙasa ya mamaye kashi biyu cikin uku, an san abinci ya kusa ƙarewa. A tono tsutsar da cokali mai dogon hannu, a auna, a duba bayanta a gane mace ce ko namiji, mazan a mayar da su babbar kwalba mai mililita 1400. Wannan awo shi ne kaɗai labarin da mai kiwo yake samu. Tsutsar da ta haura giram 30 tana ba da fatan ƙwaro mai milimita 80. Kuma kowane canji caca ne. Wata tsutsar idan aka taɓa ta ba ta sake natsuwa, sai ta yi ta zagaye kwalba tana dama abincin ba ta ci, nauyin da aka yi wata shida ana tarawa ya zube cikin mako biyu. Suna kiran wannan abare, kuma ba kalmar da mai kiwo ya fi ƙin ji. Dalilansa da yawa: iska ta yi kaɗan, ko sabuwar kwalbar tana fitar da zafi, ko an makara wajen canji.

Sai batun sanyi da zafi, wanda shi ne ya raba gwani da ɗan koyo. Laimar kwaɗin da ke cikin kwalba abu ne mai rai. Zafi ya yi yawa ta lalace ta zama taɓo, sanyi ya sauko farat ɗaya ta tsiro ta toshe kafar iska a murfi, tsutsa ta shaƙe. Ita ma tsutsar idan ta ji ɗumi da yawa sai ta yi gaggawar rikiɗa tun ba ta gama girma ba. Don haka manyan masu kiwo sukan ware ɗaki guda, na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa dare da rana, shekara duka, ana riƙe shi tsakanin digiri 20 da 25. Da hunturu a sauke shi ƙasa da 20 don tsutsa ta san an yi sanyi, sannan a riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan don ta san lokacin rikiɗa ya yi. Wanda ba shi da ɗaki yakan sayi ɗan firijin ajiye kwalabe ya gyara shi. Kuɗin wuta na daga cikin manyan abubuwan da ke cin ribar wannan sana'a, kuma lalacewar na'ura na kwana ɗaya a watan Agusta ya isa ya hallaka aikin shekara.

Ƙarshen aikin shi ne ya fi tsayar da zuciya. Tsutsa ta daina ci, ta yi rawaya, ta gina ɗaki a kwance ta shafe bangonsa sumul, ta kwanta rigingine. Ta yi saɓa ta zama wani abu mai launin zuma wanda an riga an ga siffar muƙamuƙansa. Daga nan har mako uku ko huɗu ba a motsa kwalbar. Idan ɗakin ya yi ƙanƙanta, ko ya jiƙe, ko an gina shi a gindin kwalba inda ruwa ke kwanciya, sai gwani ya sassaƙa wani da soson da masu sayar da furanni ke amfani da shi ya mayar da ita ciki. Ranar fitowa ƙwaron yakan juya ya kifa, ya miƙe fararen fikafikansa su bushe, ya naɗe su ƙarƙashin sulke. Manyan su ne suka fi kasa wannan naɗi, sulken ya ƙi rufuwa, ciki ya fito waje. Tsutsa mafi nauyi a ɗakin ita ce mafi kusa da fitowa da nakasa. Mutum yana iya yin komai daidai na wata goma sha ɗaya, ya rasa abin a sa'a guda yana kallo ba abin da zai iya yi.

Da kwalba ta wadatu, okuwagata ya zama na kowa. Abin da a da sai mai kamfani, yau ɗan makaranta yana sayen mace da namiji da yen dubu kaɗan. Sai darajar ta koma kan asali. Aka ware zuriyoyi da aka san suna ba da girma, irin su layin YG na Nose da layukan Kurume da Kawanishi, wasu kuma suna bin kaurin muƙamuƙi ko jan ido ko farin ido. Takardar da ke jikin akwati tana faɗin garin da kakanni suka fito, da ko na daji ne, da ko haihuwa ta nawa ce a hannun mutane. Ba wata hukuma da ke tabbatar da wannan takarda. Ƙwaron Nose da na Kurume ido ba ya raba su. Saboda haka jarin mai kiwo na gaskiya sunansa ne, kuma a kasuwar gwanjo ta intanet, inda ake aika ƙwari da rai cikin kwali, an sha kuka da masu liƙa sunan zuriyar da ba tasu ba. Alƙalin da kowa ya yarda da shi mujallar BE-KUWA ce, wadda kamfanin Mushi-sha na Tokiyo ke bugawa tun 2001. Kowace shekara masu kiwo na aika mata ƙwarinsu a auna, ta buga wanda ya fi girma a kowane iri. Da yawa daga masu riƙe da waɗannan kambuna mutane ne masu yin kiwon bayan an tashi aiki.

Mai shago kuwa ya san ba a kan ƙwaro yake ci ba. Ƙwaro sau ɗaya ake saye, amma kwalba duk wata uku ce, garin katako da ruɓaɓɓen ganye ba sa yankewa, haka ma abincin manya, wani daskararren zaƙi da ake zubawa a 'yan ƙananan kofunan roba. Wannan abinci shi ya kori ɓawon kankana da yara suke ba ƙwarinsu a da, wanda masu kiwo ke cewa ruwa ne zalla, yana jiƙa akwati ya jawo ƙuda, gara ayaba ko tuffa. Rabin aikin mai shago a watan Yuli amsa tambayar iyaye ne. Kada a ajiye akwati a rana. Kada a haɗa maza biyu. A saka guntayen itace, domin ƙwaron da ya faɗi rigingine a fili ba abin kamawa, zai yi ta harba ƙafafu har ya mutu. Kada a finciko shi daga jikin riga, a taɓa bayansa ya taka da kansa, in ba haka ba ƙafa ta guntule. Ina ganin mai shagon da ya tsaya ya yi wa yaro ɗan shekara bakwai wannan bayani ya cancanci a kira shi malami.

A ƙarshen 1999 gwamnatin Japan ta sassauta dokar kare tsirrai, ta halatta shigo da wasu ƙwarin ƙasashen waje da rai, jerin kuma ya yi ta ƙaruwa har ya kai ɗaruruwan iri. A 2003 kamfanin Sega ya fito da wasan Mushiking, na kati da na'ura, inda ƙwarin duniya ke kokawa, yara suka haddace sunayensu suka ce sai na gaske. Cikin 'yan shekaru aka kai ga shigo da fiye da miliyan ɗaya a shekara, mafi yawa daga Indonesiya. Sarkinsu shi ne Hakulis na tsibiran Karebiyan da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, wanda tsutsarsa kan wuce giram 100, ta yi shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin ta rikiɗe. Masu kiwon Japan sun fitar da wanda ya haura milimita 180, ya fi duk wanda aka taɓa gani a dajinsa na asali.

Nahiyarmu ta Afirka ma tana cikin wannan ciniki. Daga dazuzzukan Kwango ake kai wani kuwagata mai suna tarandus, daga Kamaru kuma ɗan'uwansa regius, baƙaƙe masu sheƙi sosai, waɗanda ke yin wata rawar jiki mai gurnani idan an kama su. Shekaru aka yi mata suna zuwa suna mutuwa ba su zuba ƙwai ba, har masu kiwo suka gano cewa itacen da wata laimar kwaɗi daban ta ci suke so, irin mai tauri da ke fitowa a jikin kututture. Da aka ba su shi suka hayayyafa, farashinsu ya sauko. A ƙauyukan kudu maso yammacin Kamaru akwai mutanen da ke kama ƙwari, har da babban golayat mai zanen fari, suna sayar wa dillalan da ke fitar da su waje. Abin da ke isa hannun mai kamun kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da farashin da ake rubutawa a kan akwati a Japan.

A nan ne sana'ar take da laifin da ba za a rufe ba. Inda aka hana fitarwa, sai fasa-ƙwauri ya shiga. Ƙwaron satanas na tsaunukan Bolibiya an kwashe shi har sai da aka saka shi cikin yarjejeniyar CITES ta kare halittu a 2010. Kuwagatan kolofon na kan duwatsun Kef a Afirka ta Kudu, waɗanda ba sa tashi, kowane iri da tsauninsa, su ma suna ƙarƙashin kariya saboda masu tara ƙwari na ƙasashe daban-daban. A cikin Japan kanta, wani ƙwaro mai dogayen hannuwa na dajin Yanbaru a Okinawa, wanda sai a 1983 aka gano shi, ɓarayi na fasa kogunan bishiyoyin da yake ciki duk da dokar da ta kare shi. Okuwagata kuma, wanda dubbansa ke kwance a kwalabe a gidajen birni, a daji ya ragu har ma'aikatar muhalli ta saka shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 2007. Rashin kurmi ne babban dalili, amma masu bi da gatari suna farfasa ruɓaɓɓun kututture don tono tsutsa sun ƙara masa, domin kututturen da aka fasa ba ya sake zama gida.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Hutu ya ƙare, yaro ya gaji, uwa ta ce a kai shi daji a sake shi ya huta. Koichi Goka, masani a cibiyar binciken muhalli ta ƙasa da ke Tsukuba, ya nuna cewa kuwagata mai faɗi na Sumatara yana barbarar na Japan, 'ya'yan su rayu su ma su haihu, alhali zuriyoyin biyu sun rabu tun miliyoyin shekaru. An kuma kama wasu a dajin Japan ɗauke da jinin na waje. Ƙwarin da ake shigo da su suna zuwa da ƙananan kaska a jikinsu waɗanda na gida ba su saba da su ba. Ko tsakanin tsibiran ƙasar abin yana faruwa: a Hokkaido da can babu kabutomushi, masu kiwo da masu saye ne suka kai shi, yanzu ya zauna yana ture ƙwarin wurin daga bakin ruwan itace. Shi ya sa shagunan kirki suke liƙa sanarwa cewa wanda ya saya ya riƙe har mutuwa, wasu ma suna karɓar wanda aka gaji da shi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe kasuwar. Yaron da ya yi wata biyu yana canza wa ƙwaro abinci, ya wayi gari ya tarar ya mutu, ya tona ƙasar akwatin ya ga fararen ƙwai, ya koyi abin da allo ba zai koya masa ba. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro Pokémon a 1996, yaro ne mai farautar ƙwari a Machida kafin gine-gine su cinye filayen garin. Osamu Tezuka, uban zanen labarai na Japan, son ƙwari ya sa ya ƙara harafin ƙwaro a sunan da yake sa hannu da shi. Kuma da yawa daga abin da aka sani game da abincin tsutsar waɗannan halittu da tsawon rayuwarsu, masu kiwo ne suka gano shi a ɗakunansu suka rubuta.

Gyaran yana hannun masu sana'ar da masu saye. Kusan duk irin da ake so yau an iya hayayyafa shi a kwalba, ya fi na daji girma, ya fi shi lafiya, an san ranar fitowarsa. Ba sauran hujjar da za ta sa a ci gaba da kwaso na daji da yawa daga Sumatara ko Kamaru, sai araha. Ƙasashen da ake ɗiba daga dazuzzukansu su san abin da ke fita ta filayen jiragensu, su sa masa ƙa'ida, su tabbatar mai kamun ya sami haƙƙinsa. Mai saye kuma ya tambayi takarda, ya zaɓi haifaffen gida, kuma kada ya sake shi a daji ko da ya gaji da shi.